Markus na Inna

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau na fara rubuta wa Inna Bisharar Markus da hannu. Aya 8 kacal na rubuta, yatsuna har sun ƙage.

Yana ce ta rufe wa Inna ido, mahaifiyar maigidana ke nan, na dama ya fi tsanani. Tun bara muke ganin tana kai Littafi Mai Tsarki har bakin hanci tana karkata shi wajen taga. Bana ko buɗewa ta daina, sai ta ɗora shi a cinya tana shafa bangon. Babban jikanta ya sa mata Bishara ta murya a waya, ta saurara kwana biyu ta mayar masa. Wai mai karatun ba ya jiran kowa, ita kuwa ta saba ta aza yatsa a kan kalma ta zauna a kai sai ta ƙoshi.

Ranar Alhamis na dawo daga shagona na Tudun Wada da guntun kwalin da na rubuta awon wata kwastoma da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, na yar a tsakar gida. Daga kan tabarmarta sai na ji ta ce, "Ƙugu 44? Wannan baiwar Allah ba ta san ana yunwa a gari ba." Ashe baƙin rubutu mai kauri tana ganinsa. Daga nan dabarar ta zo mini.

Jiya na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo littattafan zane irin na 'yan firamare da baƙar maka rabin dozin. Kowane harafi tsawon gaɓar babban yatsa, shafi guda ya ɗauki aya biyu, wani lokaci ɗaya. Markus na zaɓa, ba don wani zurfin tunani ba, don ita ce gajera cikin littattafan Bishara huɗu. Sura 16 ce, na tara lambobin ayoyin na sami 678. In na yi 4 kullum da asuba kafin yara su tashi, zan gama kafin Ista, 20 ga Afrilu, har da rarar kwanaki.

Shekara 19 da aurena, shekara 6 Inna na tare da mu a nan Wusasa tun rasuwar Baba. Ba mu taɓa sa-in-sa ba, ba mu kuma taɓa hirar minti goma ba. "Ina kwana, Inna." "Lafiya lau, 'yar nan." Kunya ce ta fara, daga baya ta zama hali.

Asabar, 12 ga Oktoba

Sura 1, aya 34. Na ɗan wuce lissafi.

Abin da hannu ya fara nuna mini shi ne gaggawar Markus. Nan da nan, nan da nan. Shekara nawa ina karantawa da ido ban lura ba, amma mai zana kalma harafi harafi dole ya san ta dawo. Limaminmu ya ce a harshen Girka da aka fara rubuta littafin kalmar ta fito wajen sau 40. Mai labari yana gudu, ni ina binsa da rarrafe.

'Ya'yan Zabadi kuma gyaran taru suke a jirgi sa'ad da aka kira su. Wato zare na hannunsu. Na daɗe ina kallon wannan, ni da nake ganin kira na masu farin kwala ne.

Shekaranjiya na kai wa Inna shafin surukar Siman. Ta bi da yatsa a hankali, leɓenta na motsi, har ta kai inda zazzaɓin ya sake ta ta shiga yi musu hidima. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin gani, ba a ce mata ta koma ta kwanta ba. Ka hana tsohuwa aiki, ka gama da ita." Na yi tsit. Shekara 6 ke nan da zarar ta miƙa hannu ga tsintsiya ko faifai sai in ce, "Haba Inna, bari yara su yi." Ina ce ladabi nake yi. Jiya na dire mata kwanon sabuwar gyaɗa, ta ɓare tas kafin la'asar, tana yi tana rera waƙar sujada ƙasa ƙasa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Sura 2 ta ƙare. 73.

Wuta ta ɗauke a mafi yawan Arewa, kwanaki ke nan, litar fetur kuma ta haura naira 1,000, janareta sai dai kallo. Na koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi, rubutun asuba kuma da tocila a baki.

Labarin shanyayyen da aka zuro ta rufi ya buɗe bakin Inna. Ta ce mutanen yanzu masu kwanon rufi ba za su gane ba, rufin soro ne, azara da ƙasa, ana iya haƙa shi da hannu. Damuwarta ɗaya: wa ya yi wa maigidan yaɓe kafin ruwa ya sauko? Daga nan ta zarce zuwa tsohuwar majami'armu ta Bartalamawas, ginin ƙasa mai bakan gizo da aka yi a 1929, shekarar da mishan ta fito daga cikin birnin Zazzau ta sauka a gindin dutsen Kufena. Likita Miller, Baturen mishan ɗin, tun 1905 yake cikin birni. Mahaifinta, in ji ta, yana cikin yaran da suka tsira sa'ad da ciwon barci ya cinye Kiristocin ƙauyen Gimi, kuma da Littafin da aka fara bugawa dukansa da Hausa a 1932 ya koya mata karatu, yana nuna mata kalma da tsinke. Hirarmu ta kai awa guda. Tuwo har ya kama.

Amma aya ta 21 ce ta zauna mini a rai, domin sana'ata ce. Ba a yi wa tsohuwar riga faci da sabon ƙyalle. Duk tela ya san dalili. Sabon yadin auduga in ya sha ruwan farko sai ya tsuke, tsohuwar riga kuwa ta gama tsukewarta tuntuni, zarenta ya yi laushi. Ranar da aka karɓa facin kyau ne da shi. A wankin farko sabon ya ja, tsohon ba shi da ƙarfin riƙewa, sai ya yage daidai bin layin ɗinkin, ramin ya fi na dā. Shi ya sa muke jiƙa ƙyallen mu shanya mu goge kafin mu ɗora. Na sani Ubangiji amsa yake ba masu tambayar azumi, ba darasin ɗinki yake ba. Duk da haka ga abin da na gani a kaina. Ƙarfe biyar ina zana maganar Yesu da manyan baƙaƙe, ƙarfe tara ina ce wa mace "saura zif kawai" alhali ko almakashi bai taɓa atamfarta ba. A dā ba na jin komai in na faɗa. Wannan makon na ji wani abu na ja.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sura 3 ta ƙare. 108, a bayan lissafi nake da aya 30 da wani abu.

Makar da na sake saya tana huda takarda, sai gefe ɗaya nake rubutu yanzu. Ƙusoshin littafin zane ba sa riƙewa, don haka na ɓalle shafukan na ɗinke kowace sura daban da zare mai kauri. Shafi uku na yaga a makon nan saboda tsallaken layi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Sura 4, aya 25. 133.

Mudun da ka auna, da shi za a auna maka. Duk ranar da aka yi wa'azi a kan wannan, masu awo na kasuwar Sabon Gari nake tunawa, waɗanda ke buga gindin mudu ya loɓa ciki, ka sayi masara tiya biyar ka je gida ka tarar huɗu da rabi. Sai in gyaɗa kai a kujera in ce Allah ya shirye su.

Ranar Talata na gama ɗinke sura 3, na ce bari in yi mata bango na yadi don kada ta yage a hannun Inna. Na jawo jakar da ke ƙarƙashin teburin yanka, na zaro wata shuɗiyar atamfa mai kyau, kusan yadi guda, har na ɗora tef. Sai hannuna ya tsaya, domin na san mai ita.

Turmin atamfa yadi 6 ne. Riga da siket na mace madaidaiciya, in tela ta iya yanka, 4 zuwa 4 da rabi sun isa, har ɗankwali wani lokaci. Ragowar fa? In mai kaya ta tambaya, a miƙa mata. In ba ta tambaya ba, ya shiga jaka. A hannun wadda na koya haka ake yi, ba kuma wanda ke kiransa sata, "ƙyalle" muke cewa. Amma ƙyalle shi ne abin da tsintsiya ke kwashewa. Yadi guda ba ƙyalle ba ne. Da irin wannan nake ɗinka rigunan yara in rataye a ƙofar shago in sayar, ashe da kayan mutane nake cin riba. Kuma da shi na so in lulluɓe Bishara.

Ranar Alhamis wata Hajiya ta zo karɓar ɗinkinta, na naɗe yadi ɗaya da rabi na sa mata a leda. Ta warware ta duba, ta dube ni. "Lafiya? Ko kin ɓata ɗinkin ne kike toshe mini baki?" Sai da ta juya rigar ciki da bai ta bi kowane layi. Shekara takwas tana kawo mini ɗinki ban taɓa mayar mata da ko tsinke ba, dole ta yi zargi.

Da ta tafi, yarinyar da ke koyo a hannuna ta ce, "Anti, har na cikin jakar za mu mayar?" Ba da gatse ta tambaya ba, so take ta san yadda ake yi, gama abin da ta ga ina yi shi za ta je ta yi a nata shagon. Na ce mata waɗanda na gane masu su. Mun zazzage jakar, mun gane 11. Sauran sun fi 30, ban san na wa ba ne, suna nan ban san yadda zan yi da su ba. Bangon sura kuma farin yadi na saya da kuɗina.

Asabar, 21 ga Disamba

Sura 5, aya 35. 184. Mako uku ban riƙe maka ba.

Ɗinkin Kirsimeti ne da ankon Zumuntar Mata. Na karɓi abin da hannu huɗu ba za su gama ba, kamar kowace shekara, don ba na iya ganin kuɗi ya juya ya shiga shagon gaba. Ƙarfe ɗaya na dare nake kwanciya.

Ranar Laraba wata mata ta zo daga Samaru karo na uku, da 'yarta mai shekara kamar shida. Kuɗin mota zuwa da komawa sau uku, a wannan tsada. Na ce mata rigar na wajen mai surfani, gobe da yamma. Bakina bai rufe ba yarinyar ta nuna saman kanta ta ce, "Mama, ga atamfata can." Tana nan a ninke yadda aka kawo ta, har takardar kamfani ba a ɓamɓare ba. Uwar ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce, "Ai da kin gaya mini, da ban ɗauko ta a wannan sanyi ba." Yarinyata mai koyo ta sunkuyar da kai kan keke. A daren na yanka na ɗinka, washegari na hau acaba na kai musu har Samaru cikin hazo. Ta karɓa ta yi godiya, amma ban ga alamar za ta sake kawowa ba.

Inna ba ta san wannan ba. Nata ƙorafin daban. Inda na tsaya shi ne daidai inda aka zo aka ce wa Yayirus 'yarsa ta rasu, kada ya ƙara wahalar da Malam. Yau da safe ta ce, "'Yar nan, mako uku ke nan kin bar yarinyar mutane a mace."

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Na tashe ta. Sura 5 ta ƙare, 192.

Talita kumi, wato yarinya, tashi. Na zana waɗannan kalmomi biyu su kaɗai a shafi guda. Abin da Inna ta fi so kuwa shi ne na ƙarshe, inda ya ce a ba yarinyar abinci. Ta ce a cikin dukan mutanen ɗakin shi kaɗai ya tuna cikinta ba komai.

Matar nan mai zubar jini ma, shekara 12 tana bin masu magani har abin hannunta ya ƙare, ciwo sai gaba. Kowace unguwa a Zariya da irinta. Tufarsa ta taɓa ta baya, taro na matsa shi ta ko'ina, amma ya bambanta taɓawa da turereniya. Ya kuma tsaya mata, alhali babban mutum na jiransa. Ni wadda ta zo da leshi mai tsada nake fara sallama.

Na buɗe sabon shafi a littafin awo. Ɗinki 7 a mako, shi ne iyakar abin da ni da yarinyar nan ke iyawa ba tare da ƙarya ba. Ta takwas zan gaya mata ranar gaskiya, in ta ga ta yi nisa ta ɗauki kayanta.

Lahadi, 26 ga Janairu

Sura 7, aya 23. 271. Wannan ba na son rubutawa, amma littafin lissafi ne.

Likita ya ce idon Inna na dama ya isa aiki. Maigida ya kira 'yan'uwansa a haɗa kuɗi. Ƙaninsa da ke Kaduna ya ce hali ya yi wuya, a ba shi lokaci. Wannan ƙanin kuwa a watan jiya ya miƙe a gidauniyar ginin cocinsu ya yi alkawarin kuɗi masu kauri, hoton ma shi ya turo mana. Ana cikin haka na iso aya 9 zuwa 13, inda Yesu ke tsawata wa masu ce wa iyaye abin da za su taimake su da shi ya zama Korban, wato an keɓe wa Allah, da haka sun wanke hannu daga girmama uwa da uba. Na danna maka har ta huda shafi biyu. Na ɗauki hoton shafin na ɗora a WhatsApp inda duk dangi za su gani, ban ƙara ko kalma ba. Ba a bukatar ƙari.

Kafin azahar matarsa ta kira maigida tana kuka. Kafin dare magana ta kai kunnen Inna. Ta sa aka kira ni ɗakinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ayar gaskiya ce. Amma ni kika ce kina rubuta wa. Ban san dutsen jifa kike sassaƙawa ba."

Kwana biyu bayan haka na iso jerin abubuwan da ya ce daga zuciya suke fitowa su ƙazantar da mutum. Da ido mutum na iya tsallake jeri. Da maka sai ka zana kowanne: hassada, yanke, girmankai. Sai kuma na tuna kwasar adashina ta ƙarshen wata, wadda na ƙudura zan sayi keken surfani da ita, ban ko gaya wa maigida ba don kada a sa mata ido. Nawa Korban ɗin ko sunan Allah babu a kai.

Na ba da rabin kwasar. Na kira ƙanin na ba shi haƙuri. A dā in ya kira "matata" yake ce mini, muna wasa. Ran nan "to, na ji" kawai ya ce. Ya turo nasa kason bayan kwana uku.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sura 8, aya 26. 311.

An yi aikin jiya. Tun ƙarshen Janairu ya kamata, mun je asibiti da duku-duku Inna ba ta karya ba, muka zauna a benci har azahar, sannan aka ce mu dawo bayan mako biyu. Ban da bakin magana a kan wannan, ni da na san yadda ake cewa "gobe da yamma".

Yau da safe nas ta ɓare bandejin. Inna ta ƙifta, hawaye na zuba, ta ce haske ya yi yawa, tana ganin mutane amma kamar ta cikin ruwan kunu. Jikina ya yi sanyi. Nas ta ce haka yake, zai washe a hankali cikin kwanaki, a dai riƙa ɗiga magani kan lokaci, kada ta sunkuya, kada ta murza, a raba ta da hayaƙi da ƙura. A hunturun Zariya, ƙura.

A jakata akwai shafukan da na gama daren Talata, na makahon Betsaida, ban ba ta ba tukuna. Markus kaɗai ya kawo labarin. Yesu ya kama hannunsa ya fitar da shi bayan gari, ya shafa masa yau a ido, ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin ya ce yana ganin mutane, amma kamar itatuwa suna tafiya. Sai da ya sake ɗora masa hannu sannan ya ga komai sarai. Tun ina yarinya wannan labari ke ɗaure mini kai, yaya mai ta da matattu zai yi aiki sau biyu? Da na bi shi a jere da hannuna sai na ga inda aka ajiye shi. Kafinsa kaɗan, a cikin jirgi, yana tambayar almajiransa ko suna da ido amma ba sa gani. Bayansa kuma Bitrus zai ce kai ne Almasihu, ba a jima ba ya ja shi gefe yana hana shi zancen mutuwa. Ya gani, amma itatuwa yake gani.

Makahon nan ya burge ni. Da ni ce, don kunya da gudun ɓata wa mai taimako rai, sai in ce na warke, na gode, in tafi gida ina karo da mutane har in mutu. Shi ya faɗi daidai inda aikin ya tsaya.

Na ba Inna labarin da baki a cikin mota. Ta ce, "To ai ni ma saura hannu na biyu."

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ya washe. Da safe na shiga ɗiga mata magani, ta riƙe haɓata ta juya fuskata wajen taga ta ce, "Ashe kin yi furfura." Sai yanar gizon da ke kusurwar ɗakinta, sai tsagewar bangon madafi. Gida ya shiga uku.

Ta kuma bi surorin daga farko da jan biro. Kuskure 14. A sura 3 na tsallake sunan Toma cikin goma sha biyun, wata uku ba wanda ya sani.

Laraba, 5 ga Maris

Sura 9, aya 29. 352.

Larabar Toka. Bana azuminmu ya haɗu da na maƙwabta, su yau kwanansu biyar. Layin shagonmu shiru da rana, kowa leɓe a bushe.

Ɗinkin Sallah ya fara shigowa, shi ne kakarmu ta biyu bayan Kirsimeti. Littafina ya cika har ranar jajibiri tun shekaranjiya. Mata biyar na mayar a kwana biyu, ina kallo suka shiga shagon gaba, inda na san za a ce musu "ba damuwa, Hajiya". Na lissafa kuɗin a zuci, bai kamata in lissafa ba. Ɗaya ta ce wai na yi kuɗi ne nake wulaƙanta mutane.

A makon jiya na rubuta inda ya ce mai son binsa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa. Ba zan kira kuɗin ɗinki biyar gicciye ba, akwai waɗanda suka ɗauki na gaske a ƙasar nan. Amma ƙin kai, wannan kam na ɗanɗana gefensa, ɗaci ne da shi kuma ba wanda ya tafa mini.

Kalmar almajiri ma ta canza mini. Akwai yaron da ke share mana ƙofar shago yana ɗebo ruwa, daga wata makarantar allo ta bayan layi. Da asuba in zana "almajiransa", da hantsi in ji ana "kai almajiri, zo nan". Waɗanda suka juya Littafin zuwa Hausa ba su nemo wata kalma mai kwalliya ba, wannan suka ɗauka: wanda ya bar gida ya bi malami, bai da komai sai abin da aka ba shi. Shekara biyu yana mana aiki, sai makon nan na tambaye shi garinsu.

Uban yaron nan mai farfaɗiya da ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, shi ma ɗan'uwan makahon Betsaida ne. Na yi wa Inna shafin, na yi wa kaina ƙarami na liƙa a jikin keke.

Lahadi, 23 ga Maris

Sura 10 ta ƙare. 425. Saura 253, Ista kuma saura kwana 28. Sai na yi 9 kullum, ba kuwa zan iya ba. Na gaya wa Inna haka, na ce ta sa rai a tsakiyar Mayu.

An ba ta tabarau ranar Talata. Da idon dama yanzu tana karanta nata Littafin, ƙananan baƙaƙen nan, a hankali dai amma tana yi. Na tsaya a ƙofa ina kallonta, daɗi da wani abu kamar kishi suka haɗu mini. Da dare na ce, "Inna, tun da ido ya samu, ko in dakata da rubutun?" Ta cire tabarau ta ce, "Kin taɓa ba mutum riga mai hannu ɗaya?" Ashe ma ta riga ta yi alkawarin surorin farko ga wata tsohuwa a Zumunta, wadda likita ya ce nata idon ba na aiki ba ne amma tana ɗan ganin baƙi a kan fari. Sura 1 da 2 sun tafi tun ranar Alhamis ban sani ba. Ta ce in gyara Toma kafin sura 3 ta bi su.

Makaho Bartimawas na rufe da shi jiya, a bakin hanyar Yariko. Da aka ce masa ana kiransa, ya yar da mayafinsa ya zabura. Makaho ba ya yar da abu, gama in ya yar ba zai same shi ba, komai nasa a jikinsa yake ko a ƙarƙashin cinyarsa. Na ga Inna na yin haka da carbin makullanta shekara biyu. Tambayar da Yesu ya yi masa kuma ita ce ya yi wa 'ya'yan Zabadi a ayoyin baya, me kuke so in yi muku. Su kujera suka roƙa, dama da hagu. Shi ido.

Jakar ƙyallen nan har yanzu tana ƙarƙashin tebur. Yarinyata ta kawo shawarar mu ɗinka wa yaran makarantar allon 'yan riguna, ni kuma ina ganin kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce, ita ta ce to ajiyewa fa? Ba mu yanke ba. Ƙanin maigida ya kira ran Juma'a ya gaishe da Inna, ya ce a gaishe ni, bai ce a ba ni wayar ba.

Sallah saura mako guda. Ɗinki 7 na yi alkawari, an yanka 5. Maka saura biyu, ɗaya ta fara shanyewa, sai na aiki yaro Sabon Gari. Gobe sura 11, aholakin da aka kwance da tufafin da aka shimfiɗa a hanya.